Waiwaye: Makokin da Aka Yi Babu Suna

A ƙasar Hausa in aka ce an yi rasuwa, abin da ke fara fita daga bakin kowa bayan salati shi ne, "Wa ya rasu?" Sai a faɗi suna, a faɗi sunan uba, a faɗi unguwa. In ba ka gane ba a yi ta yi maka kwatance, mai shago a bakin kasuwa, wanda 'yarsa ke auren wane, har sai ka dafe kai ka ce, "Af, wane! Allahu akbar." Sai a lokacin ne mutuwar ke shiga jikinka. Wannan ne ya sa labarin abin da ya faru a Sagamihara ta ƙasar Japan ya ƙi barin raina tun ranar da na ji shi a rediyo. An kashe mutum 19 a dare ɗaya, ƙasa ta girgiza, jama'a suka yi ta kai furanni bakin ƙofa, amma da aka tambaya su wane ne aka kashe, sai aka yi shiru.

Daren Litinin ne wayewar Talata, 26 ga Yuli, 2016, wajen ƙarfe biyu. Tsukui Yamayuri-en gida ne na kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa, a gindin duwatsu yamma da birnin Tokyo, cikin lardin Kanagawa, kuma a lokacin mutum kusan 150 ne ke zaune a cikinsa. Wani saurayi ɗan shekara 26 mai suna Satoshi Uematsu ya fasa taga da guduma, ya shiga da wuƙaƙe a jaka. Ɗan gida ne, domin ya yi sama da shekara uku yana aiki a wurin, ya san ɗaki-ɗaki, ya san ma'aikata kaɗan ne ke kwana. Ya ɗaure masu aikin dare, ya karɓe mabuɗai, ya bi bayin Allah a kan shimfiɗarsu suna barci. Kafin ya fita ya kashe mata 10 da maza 9, ƙaramarsu shekararta 19, mafi tsufa a cikinsu shekara 70. Ya raunata wasu 26. Daga nan ya ja motarsa ya kai kansa ofishin 'yan sanda.

Abin da ya fito a kotu daga baya shi ya fi tayar mini da tsikar jiki. Ya riƙa jan ma'aikaciyar da ya ɗaure daga ƙofa zuwa ƙofa, yana nuna mai barci yana tambayarta ko wannan yana magana. In ta ce ba ya yi, sai ya soke shi. Da baiwar Allah ta gane amsar bakinta ce ke yanke wa mutane hukunci, sai ta koma cewa yana magana a kan duk wanda ya nuna, tana kuka. A wurinsa, wanda ba zai iya buɗe baki ya faɗi sunansa da shekarunsa da inda yake zaune ba, ya fita daga sahun mutane. Har kalma ya ƙirƙiro musu a harshensu, wadda ke nufin waɗanda zuciya ta ɓace musu.

Kuma bai ɓoye aniyarsa ba. A watan Fabrairun shekarar ya kai wasiƙa da hannunsa gidan shugaban majalisar wakilai a Tokyo, ya rubuta cewa zai iya hallaka naƙasassu 470, ya ambaci gidan da zai afka wa, ya ce da dare zai yi lokacin da ma'aikata ba su da yawa. Hujjarsa ita ce wai masu naƙasa mai tsanani ba sa haifar da komai sai wahala, kawar da su sauƙi ne ga iyalansu da tattalin arzikin ƙasa. Aka kwantar da shi asibitin ƙwaƙwalwa dole, ba a cika mako biyu ba aka sallame shi. Wata biyar bayan wasiƙar ya aikata abin da ya rubuta, kusan yadda ya rubuta shi.

A Japan, in an yi kisa, 'yan sanda kan fitar da sunan wanda aka kashe, jaridu su buga hotonsa, a ji daga bakin abokan karatunsa da maƙwabtansa irin mutumin da aka rasa. A wannan karon 'yan sandan Kanagawa suka ce ba za su fitar ba, saboda mamatan masu naƙasa ne kuma iyalansu sun roƙi a sakaya. Abin da jama'a suka samu shi ne jinsi da shekaru: mace mai shekara kaza, namiji mai shekara kaza. Sunan makashin kuwa ya cika duniya, da hotonsa yana murmushi a bayan motar 'yan sanda, da maganganunsa ana ta maimaitawa, har aka samu marasa imani a intanet suna cewa ai gaskiya ya faɗa.

Ba zan ɗora wa iyayen nan laifi ba, kuma ina roƙon mai karatu kada ya yi saurin yi. Wanda ya ɓoye sunan ɗansa da aka yanka ya san abin da ya gani a idon mutane shekara da shekaru. Akwai waɗanda ko wasu danginsu ba su san suna da irin wannan ɗa ba, akwai masu tsoron abin da za a ce da sauran 'ya'yansu in lokacin aure ko neman aiki ya zo. Jama'a ce ta koya musu ɓoyon, tun yaran suna raye. Sai dai naƙasassun Japan da dama sun fito sun ce wannan shirun ya yi musu ciwo kusan kamar wuƙar. Mutumin nan ya ce waɗannan ba kowa ba ne, ga shi an binne su kamar ba kowa ba. Gidan talabijin na NHK ya bi tsofaffin ma'aikata da waɗanda suka san mamatan, ya tattara ɗan abin da ake tunawa game da kowane ɗaya daga cikin sha taran, abin da yake so ya ci, abin da ke sa shi dariya, aka haɗa da zane a maimakon hoto, har yanzu dai babu suna.

Da aka fara shari'a a kotun Yokohama ranar 8 ga Janairu, 2020, sai aka raba wa mamatan haruffa. Wannan A, wancan B, haka alƙali da lauyoyi za su riƙa kiransu. An ma sa labule a wurin zaman 'yan kallo don kada a ga fuskokin iyalai. Ana gab da zaman farko wata uwa ta ce ita kam ba ta yarda ba. Ta rubuta wa 'yan jarida takarda, ta haɗa da hotunan 'yarta tun tana ƙarama, ta ce 'yarta ba harafi ba ce, sunanta Miho, kuma tana so a tuna da sunan. Ita ce 'yar shekara 19 ɗin nan, wadda aka fara sokewa a daren. Kotu ta amince a riƙa kiranta da sunanta. Shekara uku da rabi uwar nan ta yi tana kokawa da zuciyarta kafin ta iya furta shi a bainar jama'a, kuma duk wanda ya taɓa rasa ɗa ya san ba ƙaramin abu ta yi ba. Ranar 16 ga Maris, 2020, aka yanke wa Uematsu hukuncin kisa. Lauyoyinsa sun ɗaukaka ƙara, shi ya janye da kansa, kuma har aka gama shari'ar bai sauka daga kan ra'ayinsa ba.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Da yawa sun so a ce mahaukaci ne guda ɗaya ya yi aika-aika, a rataye shi a huta. Amma a wannan lardi na Kanagawa ɗin dai, a shekarar 1970, wata uwa a Yokohama ta shaƙe 'yarta 'yar shekara biyu mai lalurar shanyewar jiki ta ƙwaƙwalwa. Unguwa ta tashi, ba don yarinyar ba. Takardar neman sassauci aka yi ta zagayawa da ita ana sa hannu, ana cewa uwar ta wahala, babu wurin da zai karɓi yarinyar, kowa ma zai iya yin haka. Waɗanda suka ce a'a su ne manya masu irin lalurar yarinyar, 'yan ƙungiyar Aoi Shiba no Kai, irin su Hiroshi Yokota da Koichi Yokozuka. Mutane ne da furta kalma ɗaya kan ɗauke su lokaci, wasu sai an tura su a keke, amma suka fita titi suna raba takardu, suka kai ƙorafi kotu. Maganarsu ita ce, in aka ce kashe wannan yarinya abin tausayi ne da ba ya buƙatar cikakken hukunci, to an faɗa wa kowannensu cewa ransa bai kai na sauran mutane ba. Uwar ta samu ɗaurin da aka jingine, ba ta shiga kurkuku ba. Yokozuka ya rubuta littafi a 1975 wanda sunansa kaɗai ya isa wa'azi, roƙo ne ga uwa kada ta yi kisa.

Gwamnatin ƙasar ma ba ta da bakin cewa tunanin Uematsu daga sama ya faɗo. Daga 1948 zuwa 1996 Japan na da dokar da ta halatta yi wa naƙasassu aikin hana haihuwa don kada su yaɗa abin da dokar ta kira mugun iri. Mutum kusan 25,000 aka yi wa, kimanin 16,500 daga cikinsu ba da yardarsu ba, har da ƙananan yara. Sai a ranar 3 ga Yuli, 2024, kotun ƙolin ƙasar ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, ta umarci gwamnati ta biya diyya. Uematsu yana ɗan shekara shida aka soke dokar.

A Amurka ma an yi irin ta Yokohama. Ranar 6 ga Maris, 2012, a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, wata uwa ta harbe ɗanta George Hodgins, mai shekara 22 da ke da lalurar galahanga, sannan ta harbe kanta. Jaridu suka cika da labarin irin ɗawainiyar da ta sha da irin kirkinta, shi kuwa wanda aka kashe ya koma kamar shi ne musabbabin musibar. Wata matashiya mai irin lalurarsa, Zoe Gross, ta ga abin ya yi yawa, ta kira mutane su taru su yi makokin George shi kansa. Daga wannan zama ne aka samu ranar makokin naƙasassu da ake yi kowace 1 ga Maris, wadda ƙungiyar Autistic Self Advocacy Network ke jagoranta tare da wasu ƙungiyoyi, a garuruwa da dama na Amurka da wajenta. Taron ba shi da wani ado. A kunna kyandir, a tashi ɗaya bayan ɗaya a karanta sunayen naƙasassun da iyayensu ko danginsu ko masu kula da su suka kashe, da shekarunsu. Jerin ya yi tsawon da karanta shi kan ci lokaci mai yawa, kuma kowace shekara ƙaruwa yake yi.

To, ni abin da ya sa nake waiwayar waɗannan duka, wani zaman makoki ne da na je a layinmu. Ba kisa aka yi ba, zazzaɓi ne ya ɗauki yaron maƙwabciyata cikin kwana uku. Shekararsa goma sha huɗu, bai taɓa takawa ba, bai taɓa cewa uffan ba. Uwarsa ta goya shi har sai da ƙafafunsa suka fara jan ƙasa. Ita ke dama masa kunu ta tace, ta ɗora kansa a cinyarta ta riƙa ba shi da ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo, ta share ta sake. In ta shanya wanki, tsummokaransa sun fi kayan kowa yawa a igiya. Tun yana jariri wasu tsofaffi suka so su sa mata ido, suna cewa ɗan ruwa ne, a san yadda za a yi da shi, ta toshe kunnenta. A layin kuwa ba mu da abin da muke kiransa sai "yaron nan mara lafiya na gidan wane".

Ranar da ya rasu ba a kafa rumfa ba. Mazan da suka raka shi ba su cika sahu biyu ba. Da na shiga cikin gida na tarar da ita a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta jingina da bango, katifarsa an naɗe an ajiye a gefe. Mata na shigowa suna zama, kuma kusan kowace da irin gaisuwarta: "Sannu, ai ya huta." "Ke ma kin huta, kin yi jihadi." Wata dattijuwa ta dafa ta ta ce, "'Yar nan, ki gode wa Allah da ya sauke miki." Ba da mugunta suka faɗa ba, na san su, wasu da kwanon abinci suka zo. Ita dai tana amsawa da kai. Can da ɗakin ya ɗan rage, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Yaya, ni fa ban ce na gaji ba." Sai ta ce da asuba ta farka ta ɗora ruwan wankansa kamar kullum, sai da ya tafasa ta tuna.

Na buɗe baki zan yi masa addu'a da sunansa, sai na ga ban san shi ba. Shekara goma sha huɗu muna katanga ɗaya. Ita ba za ta faɗa ba, domin ɗan fari ne, kuma mace ce mai alkunya irin ta da, ba ta taɓa kiran sunan ba ko yana raye. Sai da na fito zaure na tambayi ƙanwarsa, yarinyar ta faɗa mini tana mamakin tambayar, ta ƙara da cewa sunan kakansu ne ya ci. Ashe an yanka masa rago ranar suna, an yi masa huɗuba a kunne kamar kowane ɗa. Uwarsa ta riƙe sunan a ciki saboda girman da yake da shi a wurinta. Mu kuwa rashin kula ne ya hana mu sani, babu wani suna da zan ba abin da ya wuce wannan.

Na san akwai tazara mai nisa tsakanin matar da ta ce "kin huta" da mutumin da ya shiga da wuƙa, kuma Allah ya kiyaye in haɗa su a mizani ɗaya. Amma in aka tone maganar tata, abin da ke ƙasa shi ne cewa wannan rai kaya ne, tafiyarsa sauƙi ce. Wannan shi ne abin da masu sa hannu a Yokohama suka yarda da shi, shi jaridun Kalifoniya suka rubuta, shi kuma Uematsu ya kai ƙarshensa. Mu da muke kiran mutum gurgu ko bebe ko kurma har ya tsufa ya mutu ba mu san sunan da ubansa ya raɗa masa ba, bai kamata mu karanta labarin Japan muna girgiza kai kamar abin ya yi mana nisa ba. Wahalar masu jinya gaskiya ce, na gan ta da idona a kan igiyar shanya. Maganinta shi ne a kama musu tun mai lalurar yana numfashi: a karɓi uwar na yini ɗaya ta je unguwa, a taya ta kuɗin magani, a bar 'ya'yanmu su shiga su zauna kusa da shi. Najeriya ta samu dokar hana nuna wa naƙasassu wariya tun Janairun 2019, amma babu dokar da za ta shiga zaure ta koya mana gaisuwar mutuwa.

Mun kuwa samu koyarwar tun tuni. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan da ke share masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta rasu, aka yi mata sutura aka binne ba a sanar da shi ba, kamar dai an ga lamarinta bai kai a tashe shi ba. Da ya daina ganinta ya tambaya, aka faɗa masa. Ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a gaya masa ba, ya ce a nuna masa kabarinta, ya taka ya je ya yi mata salla. Ba a ce tana da naƙasa ba, talaka ce da ba a ɗauke ta a bakin komai ba, kuma shi ya lura da gurbin da ta bari.

A Sagamihara an rushe ginin da aka yi kisan. Da farko hukuma ta so ta sake gina katafaren gida irin na da, ƙungiyoyin naƙasassu suka ce tara mutane da yawa a bayan gari, nesa da idon jama'a, yana cikin abin da ya sa aka manta da su tun suna raye, sai aka koma ga ƙananan gidaje. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira da munanan raunuka, wanda iyayensa suka fito da sunansu da fuskarsu tun farko, ya bar zaman gidan kulawa, ya koma ɗakin haya a cikin gari tare da masu taimaka masa. A 2021 aka buɗe sabon ginin, da wurin tunawa a harabarsa: faffaɗan faranti na dutse mai ruwa kwance a kai, da wurin ajiye furanni da aka zana furen yamayuri guda 19, furen da gidan ya ci sunansa. Ranar da aka buɗe, sunaye bakwai ne kawai iyalai suka yarda a sassaƙa. Daga baya wasu sun ƙaru, ɗaya bayan ɗaya, yayin da wani uba ko wata 'yar'uwa suka ji zuciyarsu ta iya. Duk ranar 26 ga Yuli mutane kan je su ajiye fure, har da waɗanda ke zuwa a keken guragu daga garuruwa masu nisa.

Mai karatu, da wuya a ce babu irin yaron maƙwabciyata a layinku ko a danginku, yana kwance a ƙuryar ɗaki, ana jin muryarsa ta katanga. Ka shiga ka gaishe shi, ka tambayi sunansa, ka kira shi da shi ko ba zai amsa ba. In kuma ta Allah ta kasance, ka bi gawarsa har makabarta, ke kuma 'yar'uwa in kin zauna gaban uwarsa ki yi mata gaisuwar da ake yi wa duk wadda ta rasa ɗa: ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa mai ceto ne. Don Allah kada ki ce mata ta huta.